Tsofaffin Maƙabartu Da Tarihin Ƙasar Bade

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihi a aji biyar ko shida ya san wahalar abin. Ka tsaya gaban allo kana ba yara labarin Mai Idirisu Alooma ko na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, suna kallonka, suna kwafe shekaru cikin littafi. Amma in ka juya ka ce, "To, wa ya sari garin nan da mu ke zaune?" sai aji ya yi tsit. Laifin ba na yara ba ne. Mu ne muka nuna musu kamar tarihi wani abu ne na nesa wanda ba a samunsa sai cikin littafi. Alhali kuwa a bayan kusan kowane gari na ƙasar Jakusko akwai wani fili mai tsofaffin itatuwa, wanda yaran ke ratsawa kullum in za su kiwo ko ɗebo itace, nan ne waɗanda suka kafa garin su ke kwance. Wannan fili shi na ke so mu duba a darasin nan, domin yana ɓacewa a gaban idonmu, kuma malamin ƙauye yana cikin mutane kaɗan da za su iya yin wani abu a kai.

Abin da ya kamata malami ya fara sani

Ba ya yiwuwa ka kai yara wurin da kai kanka ba ka san labarinsa ba. Saboda haka bari mu ɗan tuna.

Badawa suna da harshensu, Badanci, wanda masana suka sa shi gida ɗaya da Ngizimanci, kuma ɗan'uwan Hausa ne na nesa. Labarin baka ya ce kakanninsu daga gabas suka fito. Sun daɗe a tsakanin manyan maƙwabta biyu, Barno a gabas, ƙasashen Haɗeja da Katagum a yamma da kudu. Da jihadi ya iso wannan sashe, har aka ci Birnin Ngazargamu a 1808, Badawa sun sha wuya ƙwarai, suka nemi inuwar Barno bisa sharaɗin biyan gandu. Wajen 1825 Lawan Babuje ya ga gandun ya yi nauyi. Ya haɗa kan garuruwan Bade, ya gina Gogaram da ganuwa, wajen mil 27 kudu maso yamma da Gashuwa, ya ce daga ran nan ba ya bin Barno, ba ya bin Filani. Ɗansa Mai Alhaji ya hau a 1842, ya riƙe ƙasar har 1893, watau shekara 51 ke nan yana kare ta ta fuska biyu. A zamanin Mai Duna, tsakanin 1893 da 1897, rundunar Rabe ta ci Gogaram. Rabe ya mutu a Kusuri a 1900, Turawan Ingila suka shigo a 1902, suka tarad da Mai Sale a kan gado, suka bar shi da ƙasarsa. A 1946 aka mai da mazaunin sarauta Gashuwa.

To, ku lissafa. Daga 1825 zuwa 1946 shekara 121 ke nan Gogaram tana babban birnin Bade. Mutum nawa aka haifa, nawa suka mutu a cikinta cikin wannan tsawon zamani? Sarakuna, da mayaƙa, da malamai, da maƙera, da masunta, da bayin da ba wanda ya riƙe sunansu. Yau Gogaram tana cikin Ƙaramar Hukumar Jakusko, mutanen waje kuwa galibi ba su tuna ta sai lokacin bikin kamun kifi. Haka abin ya ke a Nguru, wadda ta kasance mazaunin Galadiman Barno tun kafin jirgin ƙasa ya iso ta a 1930 ya mai da ita garin ciniki. Duk sa'ad da sarauta ko kasuwa ta tashi daga wuri, masu rai su kan bi ta. Matattu ba su tashi.

Kada kuma a ɗauka maganar ta manyan birane ce kaɗai. Amshi, da Dumbari, da Buduwa, da Muguram, da Girgir, kowanne yana da tsohuwar kushewa, sau da yawa ma har da kufai a kusa, inda garin ya fara zama kafin ruwa ko yaƙi ko annoba su tashe shi.

Me ya sa su ke ɓacewa?

Dalili na farko yana cikin yadda mu ke binne mamatanmu. Musulmi ba ya gina kabari. A kan haƙa, a sa gawa bisa gefen dama tana fuskantar alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane, a rufe da ƙasa, a ɗan tayar da ita kamar taƙi guda. Shi ke nan. Ba suna, ba shekara. Wannan abu ne mai kyau, domin ya daidaita sarki da talaka. Amma damina kaɗan ta isa ta shafe tudun. Bayan shekara 30 ko 40 babu abin da ke nuna wurin sai itatuwan da aka bari, da kuma abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Turawa, da su ke kafa dutse da rubutu, in maƙabartarsu ta lalace ciyawa kawai za a share a karanta. Tamu kuwa rubutunta yana cikin bakin dattijo. Ran da ya cika, in ba a ɗauka ba, an yi hasara biyu.

Na biyu shi ne ruwa, kuma a nan ne ƙasarmu ta bambanta da sauran wurare. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna ratsa wannan ƙasa, su haɗu kusa da Gashuwa su zama Komadugu Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Cadi. Ƙasa ce ta fadama, gari ba ya zama sai a kan tudu, maƙabarta kuma a gefen tudun, watau daidai inda ruwa ya kan fara ci. Da, ruwa yana da lokacinsa da hanyarsa, kowane tsoho ya san iyakar inda ya kan kai. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai tafiyar ruwan ta sake. Wasu rassan kogi suka ƙafe, wasu suka zama ba su bushewa ko da rani. Inda ruwa ya daina bushewa sai kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanya, ruwan ya nemi wata mafita, ya malala inda bai taɓa zuwa ba. Mutanen da ke bakin hanyar ruwan Marma, wadda ke zuba cikin tafkin Nguru, sun fi kowa sanin wannan. Ga kuma shekarun babbar ambaliya, kamar 2012 da 2022. Na taɓa tsayawa bakin wata gaɓa bayan janyewar ruwa, a wani ƙauye da ba sai na faɗi sunansa ba, na ga bakin tukwanen kabari jere cikin gaɓar kamar an yanka da wuƙa. Mutanen garin suka taru suka kwashe abin da ya fito, suka sake binnewa a tudu. Na tambayi wani dattijo ko su wane ne. Ya ce, "Malam, wanda ya sani ya rasu bara waccan."

Na uku mutane ne da kansu, ba kuwa don mugunta ba. Jama'a ta ƙaru, tudu bai ƙaru ba. Mai gona ya kan ci kunya ɗaya bana, ya ƙara ɗaya baɗi. Da fartanya a ke noma, mai noma yana ganin tudun kabari ya kauce. Garmar shanu da tarakta ba su gani. Masu yin tubali su haƙa rami a gefe, ramin ya zama kududdufi, kududdufin ya ci gaba da cin gaɓa. Masu itace su sare tsamiyar da ta ke alama. In itacen ya tafi, shekara biyar ba ta cika sai wurin ya zama fili kamar kowane fili. A arewa kuma, wajen Yusufari da Machina, rairayi ne ke yin aikin, iska ta kwaso shi ta binne abin da ta tarar.

Wata magana da za a yi muku

Lalle wani zai tare ku ya ce, "Malam, wannan ba girmama kaburbura ba ne? Ba ƙofar shirka ku ke buɗewa ba?" Kada ku yi fushi, tambaya ce mai kyau, kuma mai yin ta yana da hujja in da gini mu ke nufi. Ku amsa masa a hankali. Ba mu ce a gina ƙubba ba, ba mu ce a shafa fenti ko a kafa tuta ba, balle a je neman wata bukata wurin mamaci. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu a ke karantawa a zaurukan ƙasar nan, sun karhanta gini a kan kabari. Amma su ɗin dai su ne suka ce kabari hubusi ne ga mai shi, ba a taka shi, ba a tone shi muddin akwai saura nasa a ciki. Abin da mu ke nema ke nan: a san iyaka, a kange, a hana shanu da garma, a rubuta abin da aka sani. In kun sa limamin gari a gaba tun farko, wannan gardama ba za ta ko taso ba. In kuwa kun tsallake shi, ko aikinku ya fi na kowa kyau, ya rushe.

Yadda za a yi aikin

Kada malami ya wayi gari ya kwashi yara ya nufi bayan gari. Fara da zauren Bulama. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Ranka ya daɗe, so mu ke yaran nan su san kakanninsu, mun zo neman izini da kuma wanda zai nuna mana." Shi zai haɗa ka da Lawan in abin ya kai can, shi kuma zai faɗa maka tsohon da ya fi sani. Sau da yawa ba wani mai sarauta ba ne. Mai haƙan kabari ne, ko wanzami, ko maroƙi, ko wata tsohuwa a cikin gida. Kada ku raina tsofaffin mata. Su ne ke riƙe da wa ya auri wa, wa ya haifi wa, daga wane gari aka kawo wance. Tun da a al'adarmu mata ba su cika zuwa maƙabarta ba, wannan sashe na aikin shi za a ba 'yan mata na aji, su shiga gida su zauna gaban kaka. Sau da yawa abin da su ke komowa da shi ya fi na maza.

A bar tsoho ya yi magana da harshen da ya ga dama, Badanci ne, ko Barbarci, ko Filatanci. Yanzu da wuya a rasa wayar hannu mai ɗaukar murya a makaranta. A ɗauka tukuna, sa'an nan a juya da Hausa, amma sunayen wurare da na mutane a rubuta su yadda ya faɗa. Wannan yana da muhimmanci, gama Hausa tana ta cin Badanci a bakin yara, musamman a Gashuwa da garuruwan kan hanya, kuma sunan wuri ya kan ɗauke da labarin da ba a samunsa ko'ina. Marigayi Farfesa Russell Schuh da abokan aikinsa 'yan Yobe sun fitar da ƙamus na Badanci da Turanci da Hausa a 2004. Malamin da ya samu kwafi zai ji daɗinsa wajen rubutun.

Babbar wahala ita ce shekara. Tsoho ba zai ce maka 1895 ba. Zai ce, "Kakana yana saurayi Rabe ya zo." To, aikinka ne ka yi tsani a allo, kowane mataki da abin da kowa ya sani: zamanin Mai Alhaji, 1842 zuwa 1893, zuwan Rabe, tsakanin 1893 da 1897, zuwan Turawa, 1902, babbar mura, 1918, isowar jirgi Nguru, 1930, komawa Gashuwa, 1946, mulkin kai, 1960, fitowar naira da babban fari, 1973, farin 1984, kafa Jihar Yobe, 1991. Duk abin da aka faɗa maka, ka tambaya, kafin wannan ne ko bayansa? Inda tsanin bai kai ba, a ƙirga iyaye, a ba kowane uba kamar shekara 30. Ƙiyasi ne, a kuma rubuta cewa ƙiyasi ne. In tsofaffi biyu suka saɓa, kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi. Rubuta duka biyu, kowanne da ranar da aka ji shi. Wannan kaɗai darasi ne babba ga yara, su gane cewa ji daban, tabbatarwa daban.

Ran zuwa wurin, a yi sallama, a yi wa mamata addu'a, yara su tsaya daga waje, ba gudu, ba dariya. Daga wajen nan za a yi awo. Ga inda lissafi ya shigo. A auna yadi 100 da igiya a filin makaranta, yaro ya taka ya ƙirga. A ce ya samu taki 120. In ya taka tsawon maƙabarta ya samu 84, to tsawon yadi 70 ne. In faɗin ya zama yadi 50, filin ya zama yadi 3,500 murabba'i, watau ya kusa kashi uku cikin huɗu na eka, tun da eka ɗaya yadi 4,840 ce. A zana taswira, a nuna arewa, a sa kowane babban itace da sunansa, da hanya, da gonakin da ke maƙwabtaka, da inda ruwa ya tsaya a ambaliyar da ta wuce. Wayar da ke nuna matsayin wuri ta taimaka, a rubuta lambobin kowace kusurwa.

Itatuwan ma shaidu ne. Kuka ba ta girma cikin gaggawa, inda ka ga manyan kukoki sun taru a daji, ka duba ƙasa, da wuya ka rasa katangar tukunya, alamar an taɓa zama. Darbejiya kuwa baƙuwa ce, a 1928 aka kawo ta Lardin Barno, saboda haka duk girmanta ba ta shaidar abin da ya wuce wannan shekara. Ku dubi kuma yadda kaburbura su ke kwance. A ƙasarmu alƙibla tana gabas, ta ɗan karkata arewa, don haka kabarin Musulmi tsawonsa kudu da arewa ne, kai a kudu. In an ga waɗanda suka saɓa wa wannan, ko wani tudu babba shi kaɗai, mai yiwuwa sun girmi zuwan Musulunci wurin, ko na wasu mutane ne dabam. A rubuta, a zana. Kada a taɓa.

Wannan kalma ta ƙarshe ina so ku riƙe ta da kyau. Ba a tono. Ba malami, ba yaro, ba don neman ilmi ba, balle neman dukiya. Ban da haramcin addini, akwai doka. Tun 1953 aka yi dokar kayan tarihi a Nijeriya, a 1979 kuma aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ba mai ikon haƙa irin wannan wuri sai da izninta, kuma wanda ya ci karo da wani abu wajibi ne ya kai rahoto. Ku dubi abin da ya faru a Dufuna, cikin Ƙaramar Hukumar Fune ta jihar nan. A 1987 wani Bafilatani yana haƙa rijiya ya ci karo da itace a ƙarƙashin ƙasa. Da ya faskare shi ya hura wuta, da shi ke nan. Sai aka kai magana gaba, masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt ta Jamus suka fito da shi a 1994, ya zama kwalekwale ne mai shekara wajen 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Ga kuma Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, inda manyan tuddan kaburbura su ke. Bature Palmer ya tona wasu a 1907, aka sake haƙa wasu a 1992, aka samu kayan zinariya da na tagulla, har da tasa wadda aka yi a ƙasashen gabas, abin da ya nuna nisan fataucin mutanen wurin shekara 600 ko fiye da suka wuce. Da ɓarayi ne suka riga zuwa, da zinariyar ta narke a maƙera, labarin ya bi ta.

Shinge

In an gama rubutu da taswira, saura kangewa. Katangar siminti tana da kyau ga garin da ke da hali, amma ƙauye nawa ne za su iya? Waya kuma a kan sace. Abin da kakanninmu suka sani ya fi arha: aguwa. Dabbobi ba su damu da ita ba, ba ta bukatar ban ruwa, reshenta a ke yanka a dasa da bazara kafin ruwa ya sauka. Filin da muka auna ɗazu kewayensa yadi 240 ne. In an dasa reshe ɗaya a kowace ƙafa, reshe 720 ke nan, aikin safiya biyu ga samarin gari in an yi gayya. A ja wa yara kunne game da ruwanta, kada ya shiga ido. Inda aguwa ta yi wuya, dashi ko cini-da-zugu sun yi. Ta gefen da ruwa ke ci, a shuka jema ko gamba layi biyu ko uku, saiwarsu tana riƙe gaɓa. Manyan itatuwa a bar su a bakin iyaka, kada a dasa sababbi a tsakiya, gama saiwa tana ɓarna a ƙasa.

Shinge ba ya tsayawa shi kaɗai in ba takarda. Bisa dokar filaye ta 1978, ƙasar karkara a hannun ƙaramar hukuma ta ke wajen ba da izinin amfani. Sai Bulama da liman da maƙwabtan gonaki su sa hannu a kan taswirar, a kai ofishin filaye na ƙaramar hukuma a nemi a shigar da wurin a matsayin maƙabarta. Maƙwabtan nan kada a manta da su. Mutumin da ya sa hannu da kansa a gaban jama'a ya kan ji nauyin cin iyaka.

Littafin kuwa a yi shi kwafi uku: ɗaya a makaranta, ɗaya wurin Bulama, ɗaya a aika fadar Mai Bade ko ta Nguru, gwargwadon inda garin ya ke bi. A rubuta da tawadar da ba ta zuba, a sa cikin akwatin ƙarfe, a ɗora a kan maratayi ko bisa duwatsu, saboda gara da ruwa. Muryoyin da aka ɗauka kada a bar su cikin waya ɗaya, waya tana faɗawa rijiya. A shafin farko a rubuta sunan gari, da shekara, da ajin da ya yi aikin. A bar shafi goma na ƙarshe babu rubutu, domin malamin da zai gaje ka ya koma wurin da nasa yaran bayan damina biyu ko uku, ya sake taka iyakar, ya rubuta taki nawa ya samu.